Yadda Ake Kula da Ciwon Suga Kullum ga Manya Masu Buƙata ta Musamman

Shawarar da muke ba mai ciwon suga a asibiti, idan aka duba da kyau, an gina ta ne a kan mutumin da yake gani, yake ji, hannuwansa biyu suna aiki, ƙafafunsa kuma suna ɗaukarsa. Mukan ce masa ya karanta lambar da na'ura ta nuna, ya zuƙi insulin zuwa layi kaza, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya yi tattakin rabin awa. To makaho fa? Wanda ɓarin jikinsa ya shanye fa? Kurman da aka yi wa bayanin da baki, ko matar da shan inna ya ɗora a keken guragu tun tana yarinya?

A aikina na jinya, kurakurai uku nake ta gani daga sababbin masu jinya a gida, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko, a ƙwace komai daga hannun mai ciwon, har ya zama bai san sunan maganinsa ba, ranar da mai kula da shi ya yi tafiya komai ya tsaya. Na biyu, a miƙa masa kwalin magani da na'ura a bar shi, alhali akwai matakin da jikinsa ba zai iya ba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Na uku shi ne mafi haɗari: duk wata alama da ta bayyana sai a jingina ta da nakasar, a ce ai dama haka yake. Saboda waɗannan na rubuta wannan jagora, domin mai ciwon da kuma wanda yake taimaka masa. Yawan magani da canza shi aikin likita ne. Abin da ke nan shi ne yadda za a gudanar da hidimar yau da gobe a gida.

Kayan da za a tanada

- Na'urar gwajin suga da tsinkayenta, da allurar huda yatsa. Ga mai raunin gani a nemi mai manyan lambobi. Akwai kuma masu faɗin sakamako da murya.
- Magungunan da likita ya rubuta. Ga mai insulin, alƙalamin allura ko sirinjin da ya dace da kwalbarsa.
- Akwatin magani mai ɗakuna bakwai, ko ƙananan robobi masu murfi, da robar ɗaure kuɗi domin yin alamar da hannu zai gane.
- Ƙwayoyin sukari ko zuma a ƙaramar roba.
- Madubi, tawul mai laushi, da man shafawa irin su basilin ko man kaɗanya.
- Tukwanen ƙasa biyu da yashi, idan babu firji ko wutar ba ta tsayawa.
- Gwangwani ko roba mai kauri da murfi, domin zuba allurar da aka gama da ita.
- Littafi guda ɗaya da biro, ko waya da za a riƙa naɗar murya.
- Kati a aljihu ko a wuya, mai ɗauke da bayanin cewa mutumin yana da ciwon suga, da sunan maganinsa, da lambar wani ɗan'uwansa.

Mataki na 1: A raba aikin tun farko

Kafin komai, a zauna da mai ciwon a bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya: buɗe robar tsinke, huda yatsa, ɗiga jini, karanta lamba, ɓare ƙwaya daga takardarta, auna insulin, yin allura, duba ƙafa. A bar shi ya gwada kowanne da hannunsa. Wanda ya iya, nasa ne. Wanda zai iya idan an sauya kayan aiki, a sauya. Wanda ba zai yiwu ba, a ɗora wa mutum guda sananne, a kuma koya wa na biyu saboda ranar da na farkon ba ya nan.

Dalilin wannan shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ne zai fara jin sauyi a jikinsa da tsakar dare, kuma wanda ya fahimci abin da ake yi masa ya fi riƙe shi da muhimmanci. Baligi ne, a yi magana da shi kai tsaye, ba a riƙa tambayar na kusa da shi ba. Mai lalurar ƙwaƙwalwa ma yana da nasa rabon: a koya masa abu ɗaya a lokaci guda, a maimaita shi a wuri ɗaya da lokaci ɗaya har ya zauna masa.

Mataki na 2: Gwajin suga

A wanke hannu da sabulu a busar da shi sarai. Wanda ya taɓa dabino, mangwaro ko rake sannan ya huda yatsa bai wanke ba, na'ura za ta auna zaƙin da ke fatarsa, ta ba da lamba mai yawa ta ƙarya. Wannan ya fi shafar masu tura keke da hannu da masu rarrafe, domin hannunsu yana kwasar komai.

A huda gefen yatsa, ba tsakiyar tafinsa ba. Gefen ya fi sauƙin zafi kuma yana ba da jini. Ga makaho wannan wajibi ne, domin da kan yatsunsa yake karanta rubutun makafi, da su yake gane kuɗi da magani. Huda wuri ɗaya kullum yana kawo kanta, jin yatsan ya ragu. A riƙa zagaya yatsun, a kuma ƙyale wanda ya fi karatu da shi. Mai hannu ɗaya ya ɗora na'urar a kan tire da tsumma a ƙarƙashinta don kada ta zame, ya sa tsinken tun kafin ya huda, sannan ya kai yatsan wurin tsinken. A rufe robar tsinke nan take, domin zafi da laima suna lalata su, kuma kada a yi amfani da waɗanda wa'adinsu ya wuce.

Ga mafi yawan manya, abin da ake nema kafin cin abinci shi ne 80 zuwa 130, bayan awa biyu da fara ci kuma ƙasa da 180, idan na'urar tana rubuta mg/dL. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Wasu na'urorin suna rubuta mmol/L, a nan lambobin su ne 4.4 zuwa 7.2, da 10, da 3.9. A Nijar an fi sabawa da giram a lita, inda 70 take zama 0.70, 130 kuma 1.30. A tabbatar da irin ma'aunin na'urar gida, musamman idan tsaraba ce daga wata ƙasa, domin lamba 9 a wani ma'aunin ba abin tashin hankali ba ce, a wani kuwa ba ta ma da ma'ana. Likita yana iya sassauta waɗannan iyakoki ga dattijo ko wanda ba ya iya faɗin abin da yake ji, saboda faɗuwar suga ta fi yi masa barazana.

Wanda ba ya gani kuma ba shi da na'ura mai magana, wani ya karanta masa lambar da babbar murya, shi kuma ya maimaita. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma VoiceOver, masu karanta abin da ke allo. Akwai na'urar da ake manna wa a dantse, irin FreeStyle Libre, mai auna suga har kwana 14 ba tare da huda yatsa ba. Tana da tsada, amma ga wanda yake da hali tana rage wahala sosai. Kowane gwaji a rubuta shi da lokacinsa, domin da jerin lambobin likita yake gyara magani, ba da lamba ɗaya ba.

Mataki na 3: Magani da allura

Ranar da aka keɓe a mako, a zauna tare a zuba ƙwayoyin kwana bakwai. Robar safe a ɗaura mata robar ɗaure kuɗi ɗaya, ta dare biyu, ta yadda hannu zai bambanta su ko a duhu. Wanda ba ya karatu a zana masa rana da wata. Kada a dogara da siffar ƙwaya, domin kamfanoni suna sauyawa. Duk wanda ya ba da magani ya sa alama a littafi nan take. Gidan da mutum biyu suke jinya babu littafi, wata rana uwargida za ta ba da magani, ɗa ya shigo ya sake bayarwa.

A san halin kowane magani. Metformin ana shan sa tare da abinci don kada ya ɓata ciki. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da 'yan'uwansa glimepiride da gliclazide, suna tura jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Saboda haka kada a sha su sai abinci yana gaba. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda sai an dafa an kawo masa, domin idan girki ya yi latti shi zai kwana a ciki. Wanda haɗiya take yi wa wuya bayan shanyewar ɓarin jiki, kada a daka masa ƙwaya sai an tambayi mai harhaɗa magani. Wasu an yi su ne su narke sannu a hankali, dakawa tana sa su zuba gaba ɗaya.

Ga mai insulin, alƙalami ya fi sirinji sauƙi ga makaho da mai rawar hannu. A yawancin alƙaluma kowane ƙas ɗin da aka ji wajen murɗawa ma'auni ɗaya ne, mutum yana iya ƙirgawa da kunne ko da yatsa. A tabbatar da wannan wurin ma'aikacin lafiya, domin akwai masu rabin ma'auni da masu biyu. A sa sabuwar allura, a fitar da ma'auni 2 a iska don korar kumfa. Makaho zai ji ɗigon a bayan hannunsa. Bayan an danna, a bar allurar cikin fata a ƙirga goma kafin a zare, in ba haka ba wani ɓangaren maganin zai biyo ta waje. Gajeriyar allura mai milimita 4 ba ta buƙatar a tattaro fata, don haka ta dace da mai hannu ɗaya.

Mai amfani da sirinji ya kula da abu guda: akwai insulin U-100 akwai U-40, kowanne da sirinjinsa. Idan aka zuƙi U-100 da sirinjin U-40, mutum zai sami ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. A duba rubutun kwalba da na sirinji duk lokacin da aka sayo sabo. Insulin mai launin madara, irin Mixtard, a murza shi a hankali tsakanin tafuka har ya haɗe, kada a girgiza da ƙarfi, kuma a ci abinci cikin rabin awa bayan allurar.

Ana yin allura a ciki, nesa da cibiya da faɗin yatsu uku, ko a cinya, ko bayan dantse. A riƙa sauya wuri, domin maimaita wuri ɗaya yana tara kitse mai tauri a ƙarƙashin fata, maganin ya riƙa shiga jini ba bisa tsari ba. A guji gaɓar da ta shanye ta tsotse ko ta kumbura, da wurin da ƙarfen ƙafa ko bel ɗin keke yake gugawa.

Insulin da ba a buɗe ba yana zama a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ya daskare ya lalace, a jefar. Wanda aka buɗe yana kai kimanin mako huɗu, ko abin da takardar kwalin ta faɗa, muddin bai sha zafin da ya wuce digiri 30 ba. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri zafi yakan haura 40, saboda haka taga da aljihun keke ba wurin ajiya ba ne. Inda babu firji, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Wannan ita ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa kwalbar cikin roba mai murfi, kada ruwa ya taɓa ta, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Mataki na 4: Abinci

Ba a ce mai ciwon suga ya bar tuwo ba. Abin da ake so shi ne a rage shi, a ƙara abin da zai rage masa gudu wajen shiga jini. A raba kwano huɗu: kashi biyu ganye, kamar zogale, rama, alayyahu, kabeji ko yalwatacciyar miyar kuɓewa da kuka; kashi ɗaya wake, kifi, ƙwai, nama ko awara; kashi ɗaya tuwo, shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannun mai ciwon. Wanda ba ya gani a ware masa kwano da ludayi nasa, a kuma saba jera abincin a tsari ɗaya, ya san inda kowane abu yake.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wai tuwon alkama ko acca ba sa ɗaga suga. Suna ɗagawa, malmala uku ta alkama ba ta fi malmala ɗaya ta dawa alheri ba. Zuma ma zaƙi ce. Abin sha ya fi komai saurin ɗaga suga: lemon kwalba, lemon malt, zoɓo da kunun zaƙi, fura da koko idan an zuba sukari. Masu zuwa dubiya su ne suka fi kawo waɗannan, kuma mai lalura yakan ji nauyin mayar da hannun kyauta baya. Mai gida ya sanar da dangi cikin ladabi cewa ƙwai, kifi, gyaɗa ko kuɗin tsinken gwaji sun fi amfani.

Wanda yake zaune a keke ko kwance ba ya ƙona abinci kamar mai kai da komo, don haka rabonsa na tuwo ya ɗan gaza na sauran. Amma kada a hore shi da yunwa. A tsayar da lokutan ci guda uku, kada a tsallake. Kada kuma a rage masa ruwa don gudun wahalar kai shi bayan gida. Mutane da yawa suna yin haka, wani lokaci mai ciwon ne da kansa yake ƙin sha don kada ya dami kowa. Ƙarancin ruwa yana ƙara yawan suga a jini, yana wahalar da ƙoda. A ajiye masa gora da abin fitsari kusa.

Mataki na 5: Faɗuwar suga

Wannan matakin ne nake so kowa a gidan ya haddace, har da yaron da yake yi wa makaho jagora. Yawan suga yana ɓarna a hankali, faɗuwarsa kuwa tana iya sumar da mutum cikin mintuna. Tana zuwa idan an sha magani ba a ci abinci ba, ko an maimaita magani, ko an yi aikin ƙarfi fiye da kullum. Alamunta su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, sannan rikicewa, faɗa ba dalili da sarƙewar harshe.

A nan kuskure na uku yake kisa. Mai lalurar ƙwaƙwalwa ya fara fizge-fizge, a ce halinsa ne ya motsa. Mai shanyewar ɓarin jiki maganarsa ta ƙara sarƙewa, a ce ciwon ne. Mai farfaɗiya ya faɗi, a ce ta tashi. Kurma hannunsa yana rawa ya kasa yin maganar hannu, ba wanda ya gane. Wani kuma a ce iska ce, a tsaya tofi kawai. A yi addu'a, amma hannu yana kan na'ura. Ƙa'idar ita ce duk sauyin da ya zo farat ɗaya ga mai ciwon suga, a auna. Idan babu na'ura, a ɗauka faɗuwa ce. Wanda ya daɗe da ciwon, da wanda ya sami rauni a saman lakarsa, suna iya rasa jin alamun farko, don haka su ƙara yawan gwaji.

Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na zaƙi: babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ko na zuma, ko ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan bai kai 70 ba a maimaita. Idan ya dawo a ba shi abinci sosai. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe ya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Wanda yake shan glibenclamide a kai shi asibiti ko ya farfaɗo, domin maganin yana daɗewa a jiki, sugan yana iya sake faɗuwa bayan awanni.

Sukarin gaggawa ya kasance inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba: ƙarƙashin matashi, jakar keke, aljihun riga. A kuma yi yarjejeniya a kan alamar kira, ko ƙararrawa, ko buga kwano, ko wata alamar hannu da kowa ya sani.

Mataki na 6: Duba ƙafa da fata

Suga yana kashe jijiyoyin ji, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa. Mutum zai taka ƙaya bai sani ba, rauni ya ƙi warkewa ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wanda kuturta ko raunin laka ya riga ya ɗauke masa ji, haɗarinsa ninki ne.

Kowace rana a duba sama da ƙasa, dunduniya da tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya ajiye madubi a ƙasa. Makaho ya shafa da hannu yana neman kumburi, laima, tsagewa ko wurin da ya fi sauran zafi, ya shinshina safarsa, sannan mai ido ya duba masa. A wajen masu buƙata ta musamman binciken bai tsaya a ƙafa ba. Mai rarrafe a duba tafin hannunsa da gwiwoyinsa. Mai sandar hammata a duba hammatarsa. Mai ƙarfen ƙafa ko ƙafar roba ya cire ya duba dungulmin da duk inda ƙarfe ya taɓa. Mai keke da na kwance a duba mazaunai, ƙugu da dunduniya. Duk wurin da ya sauya launi ko ya yi tauri bai koma ba bayan an ɗauke nauyi, farkon gyambo ne. Na keke ya riƙa ɗaga jiki ko karkata duk minti 15 zuwa 30, na kwance a juya shi duk awa biyu.

Bayan wanka da alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa mai a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. A taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa. Da hunturu kada a miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, yawancin ƙunar da muke gani daga nan take. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, kuma a zazzage takalmi kafin a sa. Kada a kankare kaushi da reza, kada a ba masu yawon yankan farce ƙafa. Mata su sani lalle yana ɓoye sauyin launi, a duba da kyau idan an sa. Raunin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko yake wari, ko ya yi baƙi, a kai asibiti a ranar. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso. Idan ƙarfen ƙafa ko ƙafar roba tana gurzar fata, a koma wurin masu yin ta su gyara, kamar sashen da ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Mataki na 7: Motsa jiki

Tsokar da ta yi aiki tana zuƙe suga daga jini, ko ta hannu ce ko ta ƙafa. Abin da ake so shi ne kimanin minti 150 a mako, kuma ana iya yanka shi minti goma-goma bayan cin abinci. Na keke ya tura kekensa ko ya riƙa ɗaga gorar ruwa. Makaho a ɗaura masa igiya a tsakar gidan da aka share, ya bi ta yana kai da komo. Mai shanyewar ɓarin jiki ya bi atisayen da likitan gashin ƙashi ya koya masa. Mai insulin ya auna kafin ya fara, sukarinsa yana aljihu.

Mataki na 8: Ranar rashin lafiya da azumi

Zazzaɓi, ciwon mara da duk wata cuta suna ɗaga suga ko mutum bai ci komai ba. Kada a dakatar da insulin don an rasa sha'awar abinci, a auna duk awa uku zuwa huɗu, a yawaita ruwa, a tuntuɓi likita a kan yawan maganin. Mai amai da gudawa ya tambaya game da metformin, domin akan dakatar da shi idan jiki ya bushe. Amai da ba ya tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi, magagi, ko lambar da ta haura 300 ta ƙi sauka, duk na asibiti ne nan take. A faɗa wa duk mai rubuta magani cewa akwai ciwon suga: kwinin yana saukar da suga, prednisolone da dexamethasone da ake saya don ciwon gaɓoɓi ko ƙiba suna ɗaga shi, haka ma olanzapine da ake ba masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Mai niyyar azumi ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan. Huda yatsa ba ya karya azumi. Idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, a karya azumin. Wanda ba ya iya gane faɗuwar suga ko faɗinta, ya karɓi rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Mataki na 9: Zuwa asibiti

A tafi da littafi, da na'ura, da duk magungunan a kwalayensu. Duk wata uku zuwa shida a yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku. Ga yawancin manya ana son ƙasa da kashi 7. Mai sikila ya sanar, domin tana iya karkatar da sakamakon. A auna hawan jini kowane zuwa, sau ɗaya a shekara kuma a duba ƙoda, ƙafa da ido. Mai ragowar gani kaɗan shi ya fi kowa buƙatar gwajin ido, kurma ma haka, tunda da idonsa yake sauraro. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Kurma ya tafi da mai fassara masa, a rubuta ko a zana masa umarni, sannan ya nuna da hannunsa yadda zai yi. Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su fifiko a layi, ta kuma wajabta wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga masu matsalar ji ko magana. Haƙƙi ne, a nema. Mai insulin da ya zo gwaji bai karya ba kada ya yini a layi, ya sanar da ma'aikata tun da ya iso.

Kira gare mu duka

'Yan'uwa masu jinya, kada ku jira sai an kwanta asibiti. A wannan makon ku zauna da mai ciwon ku raba aikin, ku sayi littafi, ku ajiye sukari kusa da shimfiɗarsa, ku koya wa mutum na biyu. Kai kuma mai ciwon, ke mai ciwon, ku faɗi abin da yake muku wuya ba tare da kunya ba, ku riƙe abin da kuke iyawa da hannunku. Abokan aikina ma'aikatan lafiya, kafin mu sallami mutum mu tambaye shi yadda zai aiwatar da abin da muka faɗa da jikin da yake da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kula da su da alheri.